Kayan Kicin Na Alfarma A Gwandu Da Kalgo: Ado Ake Saye Ko Amfani?

Da zarar kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, shinkafa kuma ta shiga buhu, sai kakar aure ta kankama a ƙasar Gwandu, har zuwa lokacin da watan azumi zai ƙarato. A wannan tsakani ne ake tarewa a sababbin gidaje, kuma a nan ne iyaye mata ke hana idanunsu barci saboda lissafin kayan ɗaki. Wanda duk ya saurari hirar da ake yi a tsakar gida a 'yan shekarun nan zai lura cewa zancen ya sauya. A da ana tambayar kwalla nawa aka yi wa yarinya, da ko gadonta mai rumfa ne. Yanzu kuwa tambayar ita ce, firjinta mai ƙofa nawa ne, kukar gas ɗinta mai kai nawa ce, an haɗa mata da obin ko ba a haɗa ba, kuma daga Kano aka ɗauko kayan ko daga Legas.

Na zaɓi in yi magana a kan Gwandu da Kalgo ne saboda garuruwan nan biyu suna nuna fuskoki biyu na al'amarin. Gwandu tsohon gari ne mai asali, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma inda hubbarensa yake har yau, gari ne na manyan gidajen gado waɗanda ake ɗora tukunya ɗaya domin mutum ashirin ko fiye. Kalgo kuwa, saboda kusancinta da Birnin Kebbi, ta zama wurin da ma'aikata ke sayen fili suna gini, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin da gwamnatin jiha ta gina a garin. Bugu da ƙari, tun daga watan Nuwamba na 2015 da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya ƙara daraja, kuɗi suka shiga hannun mutanen da a da ba su saba riƙe su da yawa ba. Inda duk kuɗi suka shiga kuwa, sabon gida na biye, sabon gida kuma yana neman abin da za a zuba a cikinsa.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa nuna gata ta hanyar kayan girki ba yau aka fara shi ba. Kakanninmu sun yi jeren ƙorai da akusa, masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla. Daga baya kwanonin samira da fanteka suka shigo, aka riƙa ɗora su kan juna tun daga ƙasa har su kusa taɓa rufi. Bayansu aka koma tangaran da kuloli a cikin kabet mai gilashi. Kowane zamani da abin da 'yan ganin ɗaki ke ƙirgawa kafin su fita su ba da labari. Saboda haka firji da obin ba baƙin al'ada ba ne, sun dai gaji kujerar da samira ta bari.

Sai dai akwai wani bambanci babba da ba kasafai ake kula da shi ba. Jeren da aka yi wa iyayenmu mata taska ce. Kwano ba ya cin wuta, ba ya neman mai gyara, kuma shekara ashirin ba ta rage masa komai in ba a taɓa shi ba. Idan rashin lafiya ta zo, ko shekara ta yi tsanani, mace kan zari kwalla biyu ta aika kasuwa ta rufa wa kanta asiri. Idan 'yarta ta isa aure, daga cikin jeren nan ake cirar rabin kayan ɗakinta. Na'urar lantarki ba haka take ba. Ranar da aka fitar da ita daga kwali darajarta ta fara sauka, in an yi aiki da ita ta tsufa, in an ajiye ta kuma ƙura da ɓera da tsatsa su yi nasu aikin. Uban da ya sayar da gona ya saya wa 'yarsa na'urorin da ba za ta iya kunnawa ba, ya mayar da dukiya mai haihuwa zuwa dukiya mai mutuwa, alhali yana zaton gata ya yi mata.

Wannan ya kawo mu ga tambayar farko da ya kamata a yi kafin a taka ƙafa zuwa kanti, wato wace irin wuta ce a unguwar da amarya za ta zauna. Jihar Kebbi tana samun wutarta ne ta babban layin da ya taso daga madatsar Kainji zuwa Birnin Kebbi, kuma daga nan ne ma ake tura wuta zuwa Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Ba mu manta da watan Satumba na 2023 ba, lokacin da gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar Birnin Kebbi, aka shiga duhu a Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara. Duk mai firiza cike da nama a wannan lokaci ya san abin da ya gani. Ko ba gobara, mutumin Gwandu ko na Kalgo ya fi kowa sanin awa nawa yake samun wuta a yini, da kuma irin ƙarfin da take zuwa da shi. Wannan sani shi ne ya kamata ya riƙe alƙalamin lissafi, ba hoton da aka gani a waya ba.

Mu ɗan yi lissafin tare. Obin na lantarki yakan ja wat 2,000 zuwa 3,000, butar dafa ruwa ta lantarki takan ja kusan wat 2,000, na'urar ɗumama abinci kuma fiye da wat 1,000. Ƙaramin janaretan nan da ya cika gidajenmu bai kai wat 1,000 ba, wato ko ɗaya daga cikinsu ba zai ɗauka ba. In kuwa wutar gwamnati ce, a watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta kai farashin yunit ɗaya Naira 225 ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini. A kan wannan farashi, obin mai wat 2,500 da aka kunna awa biyu ya ci yunit 5, wato Naira 1,125. In kullum ne, a wata ya kama Naira 33,750, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar 2024. Wanda ba ya cikin rukunin farko yana biyan ƙasa da haka, amma shi kuma wutar ce ba ta isa ya dogara da ita ba. Ko ta wace fuska aka duba, obin na lantarki a yawancin gidajenmu akwati ne mai tsada na ajiye leda da tsofaffin jaridu.

Firji shi ne abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi, amma shi ma da sharaɗi. A bayan kowane firji, ko a cikinsa, akwai 'yar takarda da masu ƙera shi suka manna, wadda ke nuna irin yanayin da aka yi shi dominsa. Mai alamar N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai alamar ST ya kai 38, mai alamar T kuwa ya kai 43. To, wanda ya san bazarar Kebbi, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma ya san yadda kicin mai rufin kwano yake da tsakar rana, ba ya bukatar a gaya masa wanne zai ɗauka. Firjin da aka ƙera domin sanyin Jamus, komai tsadarsa da kyan ƙofarsa, idan ya zo Kalgo injinsa ba zai huta ba, kuma injin da ba ya hutawa ba ya daɗewa. Haka nan kayan da aka yi don Amurka suna aiki ne da wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, saboda haka tsarabar ɗan uwa daga can tana iya ƙonewa a daren farko. Firji mai injin inbata ya fi dacewa da mai sola ko janareta, domin ba ya fizgar wuta da yawa lokacin tashi kamar yadda tsohon samfuri ke yi. Sannan kada a haɗa firji da bango ba tare da sitabilaiza mai jinkirin 'yan mintoci ba, domin ɗaukewar wuta da dawowarta nan take na daga cikin abubuwan da suka fi kashe injin firji.

A ganina ma, ga gidan da ake yanka ragon layya, ake sayen kifin Yawuri ko na Argungu da yawa, firiza mai buɗewa ta sama ta fi dogon firji mai ƙofa biyu amfani nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne iska mai sanyi nauyi gare ta, idan aka buɗe ƙofar tsaye sai ta zubo waje, amma idan murfi aka ɗaga tana nan kwance a ciki. Masana kiwon lafiyar abinci sun ƙiyasta cewa firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana iya riƙe sanyinta har kwana biyu bayan ɗauke wuta, mai rabin kaya kwana ɗaya, shi kuwa firji na yau da kullum awa huɗu kacal, kuma a zafinmu sai a rage wa wannan lissafi. Ban da haka, matar da ke da firiza tana da jari a hannu, domin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ba sa kwantai a watan azumi. Aibinta ɗaya a wurin masu jere, ba ta da kyan gani a hoto.

Sai batun abin girki. An fara yayin wani murhun lantarki mai fuskar gilashi wanda ba ya fitar da harshen wuta, yana ɗumama tukunya ne ta hanyar maganaɗisu. Abu ne mai kyau da tsabta a inda ya dace, amma ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tukwanen alminiyum da maƙeranmu ke zubawa, waɗanda su ne ke kowane gida, ko ɗumi ba za su yi a kansa ba. Sannan a yi tunanin macen da za ta tuƙa tuwon shinkafa na mutum goma sha biyar, ta danne tukunya, ta sa ƙarfinta a muciya, a kan farantin gilashi. Wanda ya ƙera wannan murhu bai taɓa ganin tuƙin tuwo ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na ga misalin wannan da idona a gidan wata 'yar ƙanwata da aka kai Kalgo. Mahaifinta ya yi bakin ƙoƙarinsa, har da abin da ya fi ƙarfinsa, ya haɗa mata murhun gilashin nan da injin wanke kwanoni da dogon firji. Bayan wata bakwai na kai mata ziyara, na same ta a bayan kicin tana fifita gawayi a kurfoti. Na ce mata, "Ke kuwa ɗiyata, ina kayan da aka yi ta labari?" Sai ta yi murmushi ta ce, "Kawu, suna ciki, kullum ina goge su. Murhun ba ya son tukwanena, injin kuma ruwan famfo yake so, mu kuwa 'yan ga-ruwa ke kawo mana." A lokacin mahaifinta bai gama biyan bashin kayan ba. Ba ta yi ƙorafi ba, domin 'ya mai tarbiyya ba ta raina kyautar uba, amma hayaƙin da aka kashe kuɗi don a raba ta da shi yana nan yana shiga idonta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a koma murhun duwatsu uku ne. Ko kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarsa. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, kowane ɗaurin itace da aka ƙona kuwa daga wata bishiya ya fito. Saboda haka kukar gas ba alfarma ba ce, kariya ce ga ƙirjin mace da kuma dajin da ya rage. Abin nema shi ne mai ƙarfi, mai kai biyu zuwa huɗu, da maɗoran ƙarfe masu kauri da za su ɗauki babbar tukunya, kuma mai kunnuwa ko babu lantarki. Idan daga Turai aka shigo da ita, a tabbata an sauya mata ƙananan bakunan fitar gas, domin yawancinsu an saita su ne da gas na bututu, namu na tukunya kuwa yana bukatar ƙaramar huda, in ba haka ba wutar za ta riƙa tashi ja tana baƙanta tukunya. Tukunyar gas ɗin ma a duba shekarar da aka buga a jikinta, domin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta ƙayyade mata shekara 15. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. In ana zargin yoyo, da kumfar sabulu ake gwadawa, ba da ashana ba. Kuma tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai da sakin darajar Naira a 2023, hikima ce a bar wa kurfoti mai kyau wurinsa a gefe, domin ranar biki da ranar da aljihu ya yi sanyi.

Akwai wata tambaya kuma da ɗokin saye kan sa a manta, wato idan abin ya lalace wa zai gyara, kuma ina za a sami kayan gyaran. Samfuran da suka daɗe a kasuwarmu, irin su Haier Thermocool da LG da Hisense da Scanfrost, masu gyara a Birnin Kebbi da Jega sun saba da cikinsu. Amma na'urar da ke da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda wakilin kamfaninta ke Legas ko Abuja, idan ɗan allonta ya ƙone sai dai a rufe ta da zane a jira. Takardar garanti ma ba ta da amfani in kuɗin kai kayan wurin da za a duba su ya kai rabin kuɗin sabo. Su kuma tsofaffin firji na gwanjo da ake kira na Beljiyam, suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, yawancinsu sun gama ƙarfinsu a ƙasar da suka fito, kuma sun fi sababbi shan wuta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba kullum take yin aiki ba.

To, wa ke ɗaukar wannan kaya duka? A al'adarmu uban amarya ne, shi da mahaifiyarta da ta yi shekaru tana zubin adashi. Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa muhalli da ciyarwa suna kan miji ne, abin da ake nema daga ɓangaren mace na kayan ɗaki kuwa gwargwadon sadakin da ta karɓa ne, abin da ya ƙaru a kai kyautatawa ce, ba wajibi ba. Mu ne muka mayar da kyautatawa ta zama haraji, har ta kai uba na jinkirta auren 'yarsa shekara biyu saboda bai haɗa kuɗin firji ba, ko ya ci bashin da zai bi shi har kabari saboda tsoron bakin dangin miji. Ba banza ba gwamnatin Kano, da ta fara aurar da zawarawa a 2012, ta ɗauki nauyin kayan ɗaki, domin ta gane nan ne gizo ke saƙar. Mutanen Gwandu kuwa sun fi kowa cancantar su yi wa kansu faɗa a kan wannan, domin tarihi ya nuna cewa Malam Abdullahi ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda takaicin yadda son duniya da ƙawa suka fara shiga zukatan jama'a, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu littafinsa Diya'ul Hukkam. Garin da ke alfahari da kabarin wannan bawan Allah bai kamata ya zama inda ake auna darajar yarinya da yawan ƙofofin firjinta ba.

Na san akwai mai cewa, wanda Allah Ya hore wa ai ba laifi ya saya wa iyalinsa abu mai kyau. Haka ne, kuma ni ma ina tare da shi. Mace da ke tsaye a kicin tun asuba ta cancanci duk abin da zai sauƙaƙa mata. Abin da nake cewa shi ne a bi tsari. A fara da wayar wuta mai kauri da aka ja wa kicin ita kaɗai, da waya ta ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. A bi da ruwa, wato rijiya ko burtsatse da tanki a sama, da famfo a cikin kicin. A buɗe taga babba da mafitar hayaƙi. A sa sola da batir da za su riƙe firji da fitila da fanka dare da rana. Bayan wannan sai kukar gas, da firiza, da bilanda mai ƙarfi wadda za ta markaɗa wake da shinkafar waina ba kayan miya kaɗai ba. In kuɗi sun yi saura bayan duk wannan, to a sayi obin, kuma ya zama na gas. Wanda ya bi wannan tsari, ko da kicin ɗinsa bai yi ƙyalli a hoto ba, matarsa za ta yi masa addu'a kullum. Wanda ya fara daga ƙarshe kuwa, ya sayi sirdi ne kafin doki.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye mata, domin su ne ke riƙe da wannan ragama, da su tambayi yarinya abin da za ta girka da inda za ta zauna kafin su tambayi abin da aka yi wa 'yar maƙwabta. Ina kira ga angwaye da su faɗi gaskiyar wutar gidansu da ruwansu tun kafin a je kasuwa, kuma su sa hannu a aljihu, domin kicin ɗin nasu ne. Dangin miji kuma su sassauta harshe ranar ganin ɗaki, domin kalma ɗaya ta gori ita ke tura wani uba wurin mai ba da bashi. Malamai da hakimai da masu unguwanni su ma suna da abin cewa, a huɗuba da wurin ɗaurin aure, tun da jama'a na jin maganarsu. In kuwa uba yana da rarar da yake son ya yi wa 'yarsa gata da ita, ya saya mata 'yar gona a fadama, ko tumaki, ko keken ɗinki, ya rubuta da sunanta. Shekara goma nan gaba firjin zai zama tarihi, gonar kuwa tana nan tana ba da shinkafa. Allah Ya ba mu ikon gane abin da zai amfane mu, Ya sanya albarka a gidajenmu, sababbi da tsofaffi.